Abin da Ke Jiran Wanda Zai Hau Dutsen Kilimanjaro Karon Farko

 A wannan fitowa za mu leƙa ƙasar Tanzaniya, a gabashin Afirka, inda dutsen Kilimanjaro yake. Shi ne dutse mafi tsawo a duk nahiyarmu, tsawonsa ya kai mita 5,895 idan aka auna daga saman teku. Duk shekara dubban mutane suna zuwa daga ƙasashe daban-daban don su hau shi, kuma da yawansu ba su taɓa hawa wani babban dutse ba a rayuwarsu. Wasu suna kaiwa ƙololuwa, wasu kuma suna juyowa a hanya, wasu ma a kan gadon ɗaukar marasa lafiya ake sauko da su. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a cikin masu juyowar akwai samari majiya ƙarfi da 'yan wasan motsa jiki, a cikin masu kaiwa kuma akwai tsofaffi. Dalilin haka nake so mu bincika tare.

Bari mu fara auna tsawon nan da abin da muke da shi a gida. Wuri mafi tudu a Najeriya shi ne Chappal Waddi da ke jihar Taraba, kusa da iyakar Kamaru, mai tsawon mita 2,419. Da za a ɗora wani Chappal Waddi a kan na farko, za a samu mita 4,838 ke nan, har yanzu da sauran fiye da mita 1,000 kafin a kamo Kilimanjaro. Garin Jos da muke yaba sanyinsa kuwa bai wuce kimanin mita 1,200 ba.

Asalin dutsen aman wuta ne, kuma yana da kawuna uku: Kibo da Mawenzi da Shira. Kibo ne babba, a kansa ne wuri mafi tsawo yake, wanda ake kira Uhuru. Da harshen Swahili uhuru na nufin 'yanci, an raɗa masa sunan ne bayan ƙasar ta samu mulkin kai a 1961, lokacin ana kiranta Tanganyika. A 1848 wani ɗan mishan Bajamushe mai suna Johannes Rebmann ya hango dutsen daga nesa, ya aika labari Turai cewa ya ga ƙanƙara a kansa. Wasu masana a Ingila suka ƙaryata shi, suka ce yaya za a yi a samu ƙanƙara a ƙasar zafi kusa da layin ekweta. Ashe shi ne da gaskiya. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5. Garin Moshi da ke gindin dutsen yana kan kusan mita 900. To idan zafin Moshi digiri 30 ne, ku lissafa da kanku: mita 5,000 na hawa zai cinye fiye da digiri 32, wato an faɗa ƙasa da sifili, da rana tsaka ma ke nan. Mutanen farko da tarihi ya rubuta sun kai ƙololuwa su ne Hans Meyer ɗan Jamus da Ludwig Purtscheller ɗan Ostiriya, a watan Oktoba na 1889. Shi Meyer ɗin sai a zuwansa na uku ya dace.

Wani abu da yake yaudarar sabon mahayi shi ne, Kilimanjaro ba ya buƙatar igiya ko ƙwarewar manne wa bango irin wadda muke gani a finafinai. A manyan hanyoyinsa tafiya ce kawai da ƙafa, da sanda a hannu. Sai mutum ya ce a ransa, ai in tafiya ce na iya. Ya manta da abin da zai shaƙa a can sama.

Inda matsalar take

A darasin kimiyya an koya mana cewa kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ne. Wannan kason ba ya canzawa, a kan Uhuru ma kashi 21 ne. Abin da yake canzawa shi ne matsin iskar. Ku ɗauka an jera buhunan auduga ɗaya kan ɗaya har sama. Na ƙasa zai danne ya cushe saboda nauyin da ke kansa, na sama kuwa yana nan sakayau. Haka iska take. Mu da muke ƙasa muna shaƙar wadda aka danne, kowane numfashi cike yake. A ƙololuwar Kilimanjaro matsin iska kusan rabin na bakin teku ne, saboda haka duk numfashin da mutum ya ja, kusan rabin oksijin ɗin da ya saba samu zai shiga huhunsa. Kamar a ce ka je awo da mudunka, kullum ana cika maka, yau sai aka zuba maka rabi, kuma aka ce ka yi aikin da ya fi na kullum wuya. Idan mutum ya rufe gorar roba wadda ba komai a cikinta a can sama ya sauko da ita, zai tarar ta lotse kamar an taka ta. Iskar ƙasa ce ta matse ta.

Jiki yana da dabarar sabawa da wannan hali, amma sai an ba shi lokaci. Da farko numfashi zai ƙaru, zuciya za ta riƙa bugawa da sauri, mutum zai riƙa yawan fitsari. Bayan kwanaki kuma jiki zai fara ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne masu dakon oksijin zuwa ko'ina. Idan mutum ya hau da sauri fiye da yadda jikinsa zai iya sabawa, sai ciwon tsauni ya kama shi. Yawanci yana fara bayyana ne daga mita 2,500 zuwa sama. Ku lura da wannan adadi, ya ɗara tsawon Chappal Waddi. Ma'ana babu wani wuri a Najeriya da mutum zai je ya gwada jikinsa sosai kafin ya tafi.

Alamominsa na farko su ne ciwon kai, da tashin zuciya, da jiri, da kasala, da rashin barci, abinci kuma ya fita daga ran mutum. Yawancin masu hawa suna ɗanɗana wani abu daga cikin waɗannan, kuma idan aka huta aka daina ƙara hawa yakan lafa. Haɗarin yana zuwa ne idan mutum ya ɓoye, ya ci gaba da hawa don kada abokan tafiya su ce ya gaza, ko don yana tuna kuɗin da ya kashe. Daga nan ruwa yana iya taruwa a huhu. Mutum zai riƙa haki ko yana zaune, ga tari, wani lokaci har da kumfa. Ko kuma ƙwaƙwalwa ta kumbura, ya fara tangaɗi kamar mashayi, maganarsa ta rikice, ya kasa gane inda yake. Waɗannan biyun suna kisa cikin ɗan lokaci, kuma babban maganinsu shi ne a sauko da mutum nan take, ko da tsakar dare ne. Akwai ƙwayar magani da ake kira Diamox wadda take taimaka wa jiki ya saba da wuri, amma likita ne yake rubuta ta, kuma ba ta zama lasisin yin gaggawa ba.

Ciwon nan bai san ƙarfi ba. Martina Navratilova shahararriyar 'yar wasan tanis ce, ta ci gasar Wimbledon sau tara ita kaɗai. A watan Disamba na 2010 ta hau Kilimanjaro don tara kuɗin taimako, amma ruwa ya taru a huhunta, aka sauko da ita aka kai ta asibiti a Nairobi. A ɗaya ɓangaren kuma, a 2019 wata tsohuwa 'yar Amurka mai suna Anne Lorimor ta kai Uhuru tana da shekara 89. Wani lokaci ma ƙarfin ne yake cutar da saurayi, domin ƙafafunsa suna iya kai shi sama da sauri kafin jininsa ya shirya.

Pole pole

Kalmar da mai hawa zai fi ji daga bakin 'yan ja-gora ita ce pole pole, wato sannu-sannu da Swahili. Mu ma a Hausa muna cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. A ranar farko tafiyar tana ba sabon zuwa haushi, ga ƙarfi a jiki, ga hanya a buɗe, amma ɗan ja-gora yana gaba yana taku kamar mai rakiyar amarya, kuma ba a yarda a wuce shi ba. Dokar gandun dajin ma ta hana kowa hawa ba tare da ɗan ja-gora mai lasisi ba. Yaron da bai kai shekara 10 ba shi ma ba a barinsa ya je ƙololuwa. Mu 'yan aji biyu dai mun tsallake wannan sharaɗi, saura na kuɗi, domin tafiyar tana cin fiye da dala 1,000, ban da kuɗin jirgi.

Akwai hanyoyi da dama na hawa, kuma zaɓen hanya shi ne babban hukuncin da sabon mahayi zai yanke tun yana gida. Hanyar Marangu ita ce wadda ake kwana a ɗakunan katako maimakon tanti, ana iya gama ta a kwana biyar, saboda haka ta fi araha, mutane suna ganin ita ce mai sauƙi. Amma ku dubi inda ake kwana: Mandara a kimanin mita 2,700, Horombo a kimanin 3,700, sai Kibo a kimanin 4,700. Kowace rana wurin barci yana ƙaruwa da mita 1,000. Shawarar likitoci kuwa ita ce, idan an wuce mita 3,000 kada wurin barci ya ƙaru da fiye da mita 500 a rana. An ninka ke nan. Shi ya sa masu hankali suke ƙara kwana ɗaya a Horombo, su yi yawo kusa su dawo. Hanyar Machame tana ɗaukar kwana shida ko bakwai, Lemosho kuma bakwai ko takwas. Sun fi tsada domin kowane kwana kuɗi ne, amma a ganina wanda ya tara kuɗin jirgi har Tanzaniya bai kamata ya yi rowar kwana biyu ba.

Hanyar Machame tana da wata dabara da ta burge ni. Akwai ranar da ake tashi daga sansanin Shira, kimanin mita 3,800, a hau har wani tsinin dutse da ake kira Lava Tower a kan mita 4,600, a ci abincin rana a can, sannan a gangaro zuwa Barranco, kimanin mita 3,900, a kwana. An wuni ana tafiya amma an kwana kusan inda aka tashi wajen tsawo. Wanda bai sani ba zai ce wahalar banza ce. Alhali an nuna wa jiki ƙarancin iska ne da rana don ya farga, sannan aka ba shi wuri mai dama-dama ya huta da dare.

A cikin kwanakin nan mutum zai ratsa yanayi iri-iri kamar ya keta ƙasashe. A gindin dutsen gonakin ayaba da kofi ne na mutanen Chagga. Sama da su kurmi ne mai duhu da laka da birai masu fari da baƙin gashi. Daga nan sai bishiyoyi su ƙare, a shiga fili mai ciyayi da wasu tsirrai dogaye masu kama da kabeji a kan turke. Gaba kuma sai hamadar duwatsu da toka, rana tana ƙuna, dare yana daskarar da ruwa. Can ƙarshe sai ƙanƙara. Ita ma ƙanƙarar tana ƙarewa, fiye da kashi 80 cikin 100 na wadda aka auna a 1912 ta narke.

Batun shiri ba sai na ja shi ba. Ana so mutum ya yi watanni yana doguwar tafiya da jaka a baya, yana hawa tudu da matakala. Takalmin da zai hau da shi ya fara sa shi tun a gida har ya saba da ƙafarsa, domin sabon takalmi bororo yake kawowa. Tufafi kuma hawa-hawa ake sa su, a cire idan an ji zafi, a ƙara idan sanyi ya taso. Ana buƙatar safar hannu, da hular sanyi, da baƙin tabarau, da man kare fata, saboda hasken rana a can ya fi na ƙasa ƙuna. Ruwa kuma lita uku zuwa huɗu a rana, ko ba a jin ƙishi. Lokacin da aka fi zuwa shi ne Janairu da Fabrairu, da kuma Yuni zuwa Oktoba, domin a Afrilu da Mayu ruwan sama ne kamar da bakin ƙwarya.

Akwai mutanen da ba a cika ganinsu a hotunan da ake ɗauka a ƙololuwa ba, su ne 'yan dako. Su suke ɗaukar tanti da abinci da tukwane da tukunyar gas da jakunkunan baƙi, yawanci a ka ko a kafaɗa. Doka ta ce kayan da za a ɗora wa mutum ɗaya kada su wuce kilo 20, ana ma auna su a ƙofar shiga. Da safe baƙo zai kama hanya ya bar su suna kwance tanti, can sai su zo su wuce shi, kafin ya isa sansani na gaba sun kafa tanti sun ɗora ruwan shayi. Su ma ciwon tsauni da sanyi suna kama su, kuma wasunsu ba su da isassun tufafi. Ni dai ina ganin duk wanda ya dawo yana cewa ya ci Kilimanjaro da yaƙi, ya kamata ya fara faɗin mutum nawa ne suka ɗauki kayansa.

Daren ƙarshe

Duk wahalar kwanakin baya shiri ce ta dare ɗaya. A hanyar Machame sansanin ƙarshe shi ne Barafu, a kan kusan mita 4,700, kuma barafu na nufin ƙanƙara. Ana cin abinci da wuri a kwanta, amma barci ba ya zuwa sosai a irin wannan tsawo. Wajen ƙarfe 11 na dare a tashe ku, ku sha shayi, ku sa duk tufafin da kuka zo da su, ku ɗaura tocila a goshi. Da sha biyun dare a kama hanya.

Me ya sa sai da dare? Domin hanyar tsakuwa ce da toka masu zamewa, sanyin dare yana daskarar da su, ƙafa ta samu wurin takawa. Sannan ana so a isa sama da fitowar rana, kafin gajimare ya rufe dutsen, a kuma samu isasshen haske na saukowa. Nisan bai fi kilomita biyar ba, tafiyar da wasunmu suke yi kullum zuwa makaranta, amma a nan tana cin awa shida zuwa takwas, domin mita 1,200 ake hawa da rabin numfashi. Sanyi yana iya kaiwa digiri 15 ƙasa da sifili ko fiye. Ruwan gora yana daskarewa, shi ya sa ake cusa gorar a cikin safa ko a cikin riga. Batirin waya da na kyamara ma sanyi yana shanye su. Mutum ba ya ganin komai sai dugadugan na gabansa da jerin fitilu can sama, har ya kasa bambance su da taurari. A taka, a ja numfashi, a sake takawa. Idan aka tsaya hutu ba a wuce 'yan mintuna, don kada jiki ya sandare. A nan ne 'yan ja-gora suke sa ido sosai, suna tambayar mutum sunansa, suna duba tafiyarsa. Idan ɗan ja-gora ya ce a juya, to maganarsa ce ta ƙarshe, ko da allon Uhuru ana hango shi.

Wajen asuba ake isa bakin ramin aman wutar, a wani wuri mai suna Stella Point, sama da mita 5,700. Masu bin Marangu kuma a Gilman's Point suke ɓullowa. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, ƙarfi ya ƙare. Daga Stella zuwa Uhuru hawan ba shi da tsanani, amma yana cin kusan awa ɗaya, ana tafe ana wuce katangun ƙanƙara da suka fi gida tsawo. A Uhuru akwai allon katako, a gabansa ake layin ɗaukar hoto. Bayan kwana shida ana tafiya, zaman da ake yi a can bai fi minti 15 ko 20 ba, domin duk mintin da aka ƙara jiki yana ƙara galabaita.

Sabon mahayi yakan manta cewa hawa rabin tafiya ne. A wannan rana dole a gangaro zuwa Barafu a kan tsakuwar da yanzu rana ta sake ta, a ɗan huta, a ci abinci, sannan a ci gaba da sauka har sansanin Mweka a kimanin mita 3,100. Jimillar tafiyar ranar takan kai awa 12 zuwa 15. Gwiwoyi da yatsun ƙafa su suke shan wuya a nan, kuma gajiya tana sa mutum ya yi tuntuɓe. Daɗin abin shi ne, duk taku ɗaya zuwa ƙasa iska tana ƙara kauri, ciwon kai yana washewa, yunwa ta dawo. Washegari a ratsa kurmi a fito ƙofar Mweka, a sa hannu a littafin rajista. A nan hukumar gandun dajin take ba da takardar shaida: koriya ga wanda ya tsaya a Stella ko Gilman's, mai ruwan zinariya ga wanda ya taka Uhuru. Daga nan sai mota zuwa Moshi, inda mutum zai yi wankansa na farko cikin mako guda.